Tuffar Baukje a Gindin Ganuwa

A ƙauyenmu, can arewacin Holan,
teku ya fi rufin ɗakina tsayi.
Muna kwana a ƙasansa kamar ƙwarya a gindin tulu,
ba abin da ya raba mu sai ganuwar ƙasa
da kakanni suka tara kwando-kwando,
suka bar mana gadon tsaro da gyarawa.

A jikin ganuwar nan Baukje ta dasa tuffa,
shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Ita ta tafi bara.
Itacen ya ci gaba da 'ya'ya kamar bai ji labari ba,
ni kuwa ina tsinta ina dafawa.

Ran wata Talata wasiƙa ta zo daga Hukumar Ruwa:
saiwa na cin ganuwa, a sare kafin hunturu.
Sa hannun Tjeerd Hiemstra,
yaron da na koya wa lissafi a aji uku,
wanda bakwai sau takwas ke sa shi kuka.
Yau shi ke auna mini rayuwa.

Na hau keke.
Ƙaramar hukuma ta ba ni lamba, ta ba ni kujera, har da gahawa.
Wata mai tabarau ta shimfiɗa taswira:
"Hanya tamu ce, baba, da fitilun kanta,
da kwandon shara, da rajistar haihuwa.
Inuwar itacen ma, in ta faɗo kan kwalta, tamu ce.
Shi kansa itacen, ba mu da ta cewa."

Lardi ya aiko saurayi da tsani.
Ya leƙa kogo, ya sauko yana haki:
mujiya ce, kwance kan ƙwai uku.
"Kada wanda ya taɓa ko reshe!"
Tsuntsuwar da ta daɗe tana hana ni barci,
ita ce yau ta zame mini garkuwa.

Ma'aikata ta amsa daga babban birni bayan wata biyu:
nata daga inda igiyar ruwa ke karyewa ne zuwa can,
abin da ke tudu ba ya cikin littafinta.
Kotu ta karɓi takarduna, ta ce in jira.
An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Ni dai na ga biyar a kan tukunya ɗaya,
kowa da ludayinsa, miya ba ta dahuwa.

Sai Nuwamba.
Iska ta zo ba ta cike fom ba,
ƙarfe biyun dare ta yanke hukunci.
Saiwa ta ɗaga sama a ƙasar Hukumar Ruwa,
gangar jiki ta kwanta a hanyar ƙaramar hukuma,
mujiya ta tashi da ikon Lardi a fikafikanta,
ruwan Ma'aikata kuwa ya sami rami,
ya fara tsattsafowa.

Tjeerd ya iso da mutum shida da buhunan yashi,
rigar barci na leƙowa ta ƙasan rigar ruwansa.
Bai ce "ai na faɗa" ba.
Ya miƙo mini fitila, na riƙe.
Ina jin sa yana ƙirga cikin iska,
ɗari biyu da goma sha huɗu,
bai tsallake ko ɗaya ba.

Da gari ya waye ganuwa na nan, mu ma muna nan.
Ya yanko reshe, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma:
"Malam, a yi masa aure da wani dashe,
taku talatin daga nan, bayan kicin.
Can ba hurumin kowa ba ne sai naka."

Jiya kotu ta rubuto.
An dakatar da sara, in ji ta,
har sai an saurari kowa.
Na ninke takardar gida huɗu,
na tokare ƙafar teburin da Baukje
ta yi ta cewa in gyara.